Nasabar Ayaba da Agada: Baƙin da Suka Zama 'Yan Gari

 

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, sanin nasaba ilmi ne da magabata suka riƙe da daraja. Da shi ake raba gado, da shi ake ɗaura aure, da shi ake sanin wanda ya cancanci rawani. Mu kuwa mazauna zangunan Akra, birnin da iyayenmu ke kira Ankara, mun fi kowa saba wa tambayar nan ta "ɗan wane ne, kuma daga ina kakansa ya taso?" domin kullum ana yi mana ita, mu ma muna yi wa junanmu. Yau za mu ɗauki wannan tambaya mu aza ta a kan wasu 'yan uwa biyu da ba sa ɓacewa daga akushinmu, wato ayaba da agada. Amsar da masana suka samu bayan ɗaruruwan shekaru suna bincike tana da ban mamaki, kuma tana da abin da za ta faɗa wa mutumin zango a kan kansa.

Wanda ya ratsa kasuwar Nima ranar Laraba, ko ya je Agbogbloshie da asuba lokacin da manyan motoci ke sauke kaya daga Agogo da sauran garuruwan kurmi, ya san matsayin agada a ƙasar Gana. Ga apantu mai manyan 'ya'ya wadda ake kirɓawa da rogo a yi fufu, ga apem mai sirara da ake dafawa a ci da miyar ganye. Idan ta nuna a soya kelewele da citta da barkono, ko a gasa ta a bakin titi a haɗa da gyaɗa, abincin da ya rufa wa talaka asiri har aka yi masa laƙabi da Kofi Brokeman. Gana na noma fiye da tan miliyan 4 na agada a shekara, tana cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya. Manomin koko ma ba ya dasa sabuwar gona sai ya fara kafa agada, domin inuwarta ce ke rainon ƙananan itatuwan. Tonawa suna kiran agada borode, ayaba kuma kwadu. Mutanen Ga suna cewa amadaa. Mu Hausawa muna cewa agada, kalmar da ta yi kama ƙwarai da ogede ta Yarabawa.

To, a ɓare ayaba a duba cikinta. Ba ta da ƙwallo, ba ta da irin da za a shuka, sai wasu ɗige-ɗige baƙaƙe da ba sa tsirowa. Mangwaro da gwanda suna iya yin tafiya da kansu, tsuntsu ya ɗauka, ruwa ya kwasa, yaro ya jefar. Ayaba ba ta da wannan hanya. Sai an haƙo ɗan da ya tsiro a gindin uwa, an ɗauke shi an dasa a wani wuri. Ma'anar wannan ita ce, duk wata agada da ke tsaye a gonakin Asante da Ahafo, hannun mutum ne ya kawo ta, wanda ya karɓa daga wani hannu, shi ma daga wani, silsila ba yankewa har zuwa gonar farko. Ina wannan gona take?

ABIN DA LITTATTAFAI SUKA RIƘE

Ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanci tafsirin Jalalaini zai tuna cewa a Suratul Waƙi'a, aya ta 29, cikin ni'imomin da aka yi wa mutanen dama alkawari akwai wata itaciya da aka fassara da ayaba, wadda Larabawa ke kira mauz. An ruwaito wannan fassara daga Abdullahi ɗan Abbas, ko da yake wasu malaman sun tafi a kan wata itaciya dabam. Masanin tarihi Al-Mas'udi, wanda ya rasu a 956, ya rubuta cewa mutanen gaɓar Afirka ta Gabas suna cin ayaba da yawa. Ibn Baɗɗuɗa kuma da ya sauka Mogadishu a 1331, an kawo masa ɗanyar ayaba da aka dafa cikin madara. Waɗannan shaidu sun tabbatar da daɗewarta a hannun Musulmi da kuma a Afirka, sai dai ba su ambaci iyayenta ba.

Wanda ya fara yunƙurin rubuta mata nasaba a tsarin ilmin zamani shi ne Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, wanda ya kafa ƙa'idar ba kowane tsiro suna biyu, na dangi da na gida. A 1736 ya samu wata ayaba ta yi fure a lambun wani attajiri a ƙasar Holan, abin da ya zama labari a Turai mai sanyi. Ya raɗa wa dangin suna Musa. Kada mai karatu ya zaci Annabi Musa (AS) ake nufi. Masana suna danganta sunan da kalmar mauz ta Larabci, Linnaeus kuma ya haɗa shi da sunan wani likitan sarkin Rum mai suna Antonius Musa. A 1753 ya kira agada Musa paradisiaca, wato ta Aljanna, saboda wani tsohon zance da ya yaɗu cewa itaciyar Aljanna ce. A 1759 ya kira ayaba mai zaƙi Musa sapientum, wato ta masu hikima.

Hukuncinsa ya yi daidai da abin da ido ke gani a kasuwa: wannan ta dafawa, waccan ta ci ɗanye, saboda haka jinsi biyu ne. An bi shi a kan haka kusan shekara 200. Amma da masana suka shiga Indiya da Malesiya da Indunusiya, sai suka tarar da ɗaruruwan iri da suka ƙi shiga ko ɗaya daga cikin ɗakunan biyu. Kowa ya ga sabuwa sai ya ƙirƙira mata suna, har sunaye suka yi yawa, aka rasa mai dangantaka da wani.

IYAYE BIYU A DAJI

Gyara ya zo daga tsibirin Tirinidad, inda Ingila ta kafa kwalejin noman ƙasashe masu zafi. A can Ernest Cheesman ya tara ayabobin daji masu ƙwallo, ya yi shekaru yana nazarinsu. Daga 1947 ya fara bayyana cewa mafi yawan ayabar da ake ci ta fito ne daga iyaye biyu na daji, waɗanda wani Ba'italiye mai suna Luigi Colla ya riga ya siffanta tun 1820: Musa acuminata da Musa balbisiana. 'Ya'yansu cike suke da ƙwallaye masu tauri kamar tsakuwa, naman kaɗan ne. Cheesman ya kuma raba dangin Musa gida huɗu.

A 1955 Norman Simmonds da Kenneth Shepherd suka ɗora a kan aikinsa. Suka zaɓi siffofi 15 da ke bambanta iyayen biyu, kamar launin gangar jiki, da ko kwararon hannun ganye a buɗe yake ko a rufe, da yadda ɓawon fure ke nannaɗewa. Kowace siffa a ba ta maki daga 1 zuwa 5. Wadda ta tashi da 15 ta biyo acuminata tsantsa, wadda ta kai 75 ta biyo balbisiana tsantsa, na tsakani kuma ruwa biyu ne. Suka sa wa gadon acuminata harafin A, na balbisiana harafin B.

A nan ne asirin rashin ƙwallo ya ƙara fitowa. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu dammuna da ke ɗauke da gado, masana na kiransu kuromosom. Ayabar daji tana da 22, wato 11 daga uwa, 11 daga uba. Mafi yawan waɗanda muke ci suna da 33, kashi uku ke nan maimakon biyu. Abin da ya kasu uku ba ya rabuwa biyu daidai, don haka samar da iri ya gagara. Makiyayi zai gane wannan da sauri idan ya tuna alfadari: doki na da 64, jaki na da 62, ɗansu ya tashi da 63, ga ƙarfi ga juriya, amma ba haihuwa. Ayabar da ake fitarwa Turai AAA ce. Matoke ta Yuganda ma AAA ce, alhali dafa ta ake yi. Apem da apantu AAB ne. Da aka koma kan jinsunan Linnaeus guda biyu, sai aka tarar dukkansu AAB ne, 'yan ɗaki ɗaya. Ashe zaƙi da rashinsa ba su ne ke nuna nasaba ba.

TSAGAR GADO TA CIKI

Tsarin Simmonds ya yi amfani, har yau ana aiki da shi, amma ya dogara ga kamanni, kamanni kuwa suna ruɗi. Ƙasa da ruwan sama suna sauya tsiro, kuma baƙi biyu na iya yin kama alhali ba su haɗa komai ba. A da, idan fatake suka haɗu a zango, fuska ce ke fara magana. Da ganin aska an san Bagobiri, an san Babarbare, an san Bamoshe. Masana sun nemi irin wannan tsaga a cikin jikin tsiro, wadda rana ba ta ƙona ta, tsufa ba ya shafe ta, kuma sun same ta a cikin ƙwayoyin gado.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar aikinsu ita ce a tuna da littattafanmu na hannu. Kafin zuwan injin ɗab'i, ɗalibi yana kwafar littafi daga na malaminsa. Idan wani magabaci ya tsallake kalma ko ya maimaita ta, duk wanda ya kwafa daga gare shi zai gaji wannan kuskure, har jikokin jikoki. Masanin da ya tara kwafi goma daga Kano da Salaga da Timbuktu, ya jera kurakuransu, zai iya faɗa maka wanne ya fito daga wanne ko da babu sunan marubuci. Gadon halitta ma rubutu ne, da haruffa huɗu kacal, kuma ana kwafarsa duk lokacin da ƙwaya ta rabu. Jefi-jefi harafi yakan sauya, ko wata gajeriyar gaɓa ta maimaitu sau da yawa a wani iri fiye da wani. Waɗannan gurare su ne alamomin gado. Iri biyu da suka yi tarayya a alamomi masu yawa kakansu na kusa ne, waɗanda suka saɓa kuma sun daɗe da rabuwa.

Ayaba ta zo wa masana da wata kyauta. A 1994 masu bincike na Faransa suka gano cewa a cikinta akwai wani ɓangaren gado da ke bin uwa kaɗai, wanda ke cikin koren ganye, da wani da ke bin uba kaɗai. A mafi yawan halittu, har da ɗan Adam, wannan na biyun ta wajen uwa yake zuwa. Sai ya zama ana iya bin dangin uwa dabam, dangin uba dabam, kamar yadda mai ilmin hadisi ke bin isnadi biyu har ya ga inda suka haɗu. A 2012 kuma wata ƙungiya ƙarƙashin jagorancin Angélique D'Hont ta cibiyar CIRAD ta Faransa ta karance littafin gadon acuminata, mai haruffa kimanin miliyan 523. Na balbisiana ya biyo baya a 2019.

Hukuncin farko ya faɗa kan gidaje huɗun Cheesman. Alamomin sun nuna cewa biyu-biyu suke haɗe, don haka a 2013 Markku Häkkinen na ƙasar Finlan ya mayar da su gida biyu: gidan masu dami 11, inda iyayen ayabarmu suke, da gidan da mafi yawansu ke da dami 10, inda ake samun wadda mutanen Filifin ke saƙa igiyar jirgin ruwa da zarenta.

Hukunci na biyu ya fi girma. Acuminata ta kasu zuriya-zuriya, kowace da tsibirinta: banksii a Niyu Gini, zebrina a Jawa, malaccensis a Malesiya. Teku ta raba su shekaru aru-aru. Alamomin sun nuna cewa sawun banksii yana cikin mafi yawan ayabar da ake ci, kuma harafin A na agadarmu daga gare ta mafi yawansa ya fito. Masu tonon ƙasa sun ƙarfafa wannan. A fadamar Kuk da ke tsaunukan Niyu Gini an samu shaidar noman ayaba ta kusan shekara 7,000, binciken da Tim Denham da abokansa suka wallafa a 2003. Manoman can sun lura da wasu itatuwa masu yin nama ba tare da ƙwallo mai yawa ba, suka riƙa zaɓensu suna dasawa. Daga baya masu kwale-kwale suka ɗauki 'ya'yan daga tsibiri zuwa tsibiri, zuriyoyin da teku ta raba suka haɗu a bayan gidajen mutane, suka yi auratayya, wasu kuma suka haɗu da balbisiana wadda asalinta ke tsakanin gabashin Indiya da kudancin Sin. A 2011 Xavier Perrier da tawagarsa suka haɗa shaidar gado da ta tono da ta sunayen ayaba a ɗaruruwan harsuna, suka zana wannan tafiya. A 2022 kuma Julie Sardos da abokan aikinta suka sanar da cewa a jikin ayabar gida akwai sawun aƙalla kakanni uku na daji da har yanzu ba a gano su ba.

YADDA TA SHIGO AFIRKA

Afirka tana da nata dangin na nesa. A Habasha akwai inset, wadda miliyoyin mutane ke ci daga gindinta da gangarta. A tsaunukan Afirka ta Yamma akwai wadda Hausawa ke kira ayabar daji. Amma waɗannan dangi ne dabam mai suna Ensete, damminsu 18 ne, kuma ba su haifi agada ba. Agada ƙetaro teku ta yi.

A ƙauyen Nkang na ƙasar Kamaru, Christophe Mbida da abokan aikinsa sun tono wasu ramuka masu shekara kusan 2,500, suka samu ƙananan ƙwayoyin yashi irin waɗanda ke cikin ganyen ayaba, waɗanda ba sa ruɓewa. Idan wannan shaida ta tabbata, agada ta riga Hijira isowa kurmin Afirka da kimanin shekara dubu. Wasu masana, ciki har da masanin tarihi Jan Vansina, sun yi jayayya, suna ganin ta iso ne daga baya. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne mutanen tsibiran Indunusiya sun ƙetare Tekun Indiya, domin harshen Madagaska ɗan uwan harsunan tsibirin Borniyo ne.

A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya akwai irin agada fiye da 100, yawan da babu kamarsa ko a Asiya. Akwai mai nono cike da 'ya'ya, akwai mai 'ya'ya ƙalilan masu kama da ƙahon sa, akwai doguwa, akwai gajeriya. Da aka auna su da alamomin gado, sai aka tarar kusan babu bambanci a tsakaninsu. Dukkansu daga tushe ɗaya ko tushe ƙalilan suka fito. Bambancin da ido ke gani ya samu ne daga 'yan sauye-sauyen da kan faru a jikin ɗan gindi, manomi ko manomiya mai lura ta gani ta ware, ta ba shi suna, ta raba wa maƙwabta. Apem da apantu jiki ɗaya ne da aka yi ta yankawa ana dasawa tsawon ƙarnoni. Wannan yawan iri aikin hannun manoman Afirka ne, kuma shi kansa hujja ne na daɗewar agada a nan.

Daga nan ta ci gaba da tafiya. Turawan Fotugal sun same ta a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma daga harsunan wannan gaɓa kalmar banana ta shiga bakin Turawa. A 1516 wani limamin Kirista, Tomás de Berlanga, ya ɗauke ta daga tsibiran Kanari zuwa Santo Domingo, ta bazu a nahiyar Amurka, inda ta zama abincin bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu.

HAƊARIN ZAMA JIKI ƊAYA

Abin da ya zama jiki ɗaya, cuta ɗaya ke kayar da shi. Har zuwa shekarun 1950 kasuwar duniya ta dogara ga iri ɗaya mai suna Gros Michel. Wata cuta dangin funfuna da ke zaune cikin ƙasa, wadda aka sani da cutar Panama, ta shiga gonakin Amurka ta Tsakiya ta share su. Aka maye gurbinta da Cavendish, mai ɗauke da sunan wani basaraken Ingila da aka raine ta a lambunsa a shekarun 1830. Ita ce ake nomawa a manyan gonakin Asutsuare kusa da kogin Bolta ana kaiwa Turai. Yanzu wani sabon nau'in cutar mai kashe Cavendish ya fito daga Asiya, an gan shi a Mozambik a 2013, a Kolombiya a 2019. Alamomin gado sun nuna cewa mafi kusancin iyayen Cavendish da Gros Michel wata ayaba ce mai suna mchare da ake nomawa a gindin dutsen Kilimanjaro, shi ya sa masu neman magani suka mai da hankali can.

Agada ma ta ga nata. Cutar baƙin ganye da ake kira sigatoka, wadda aka fara ganewa a tsibirin Fiji a 1963, ta shigo Afirka ta Yamma a shekarun 1980, ganye ya riƙa bushewa kafin nono ya cika. Waɗanda suka ga yunwar 1983, shekarar fari da gobarar daji, sun san abin da ake nufi idan motocin kurmi suka daina shigowa Akra da kaya. Masanan cibiyar IITA ta Ibadan, a tasharsu ta Onne kusa da Fatakwal, suka koma ga nasaba. Suka nemo 'yan irin agada ƙalilan da kan yi ƙwallo jefi-jefi, suka barbara su da garin furen wata ayabar daji ta Asiya mai suna Calcutta 4 wadda cutar ba ta kamawa. 'Ya'yan da aka samu sun jure, aikin ya ci lambar yabo ta Sarki Baudouin a 1994. A nan Gana, cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua kusa da Kumasi ta gwada wani iri da aka haɗa a Honduras, ta fitar da shi ga manoma da sunan Apem Hemaa. Maganin ya fito ne daga dangin da aka baro a daji shekaru dubbai. Saboda haka ake ajiye iri fiye da 1,500 a jami'ar Leuven ta Beljiyam, Gana kuma tana da tata ma'ajiyar irin shuke-shuke a Bunso.

Akwai wata cutar da ta shafe mu kai tsaye. Wani bairos ne da ke sa ganyen ayaba ya cure a sama, itaciyar ta tsumbure ta ƙi haihuwa. An tabbatar da shi a Jamhuriyar Benin da kudancin Najeriya, daga baya a Togo. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne ke yaɗa shi daga gona zuwa gona, amma doguwar tafiya a cikin kayan matafiyi yake yin ta, a jikin ɗan gindin da aka ɗauko don a dasa. Mu ne masu bin hanyar Legas zuwa Aflao dare da rana. Wanda ya ga kyakkyawar agada a gidan ɗan uwa a ƙetare, ya ci ya gode, amma ya bar ɗanta a can. Rigakafi ya fi magani.

ABIN DA YA RAGE GA MUTUMIN ZANGO

Kakanninmu goro ya kawo su. Sun bi hanyar Gwanja daga Kano da Katsina zuwa Salaga da jakuna da kanwa da tufafi. Bayan Ingila ta ci Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara rauni, yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa ta, malamai da fatake suka watsu. Alhaji Umaru ya zauna Kete Krachi har rasuwarsa a 1934. Wasu suka gangaro bakin teku. Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Malam Amadu Futa kuma ya samu filin Nima daga hannun mutanen Osu a farkon shekarun 1930, Mamobi ta bunƙasa a gefenta. Duk da haka, a watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba waɗanda ta kira baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, aka kwashi mutane har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Har gobe akwai matashin Nima da sunansa kaɗai ke jawo masa ƙarin tambayoyi idan ya je neman takardar shaida.

Sai a dubi turmin fufu, abincin da babu mai shakkar cewa na ƙasa ne. Rogon da ke ciki daga Barazil ya zo, agadar daga tsibiran kudu maso gabashin Asiya. Masarar kenke daga Meziko take. Kokon da ya gina tattalin arzikin Gana ɗan Amurka ta Kudu ne, Tetteh Quarshie ya shigo da shi daga tsibirin Fernando Po a 1879. A ɗaya gefen, waakye da duk Gana ke layi a kansa da safe sunansa daga waken Hausa ya fito, haka tuwon zafi da koko da ƙosai. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma akwai baƙon da ke kafa saiwa, ya ciyar da gari, har a manta ranar zuwansa. Babu wanda ya rage wa apem daraja don an gano kakanta a Niyu Gini. Sanin asalinta ne ma ya ba da hanyar ceto ta ranar da cuta ta zo.

Haka ya kamata mu riƙi tamu nasabar. Ɓoye ta ba ya ƙara wa kowa zama ɗan ƙasa, bayyana ta kuma ba ya rage shi. Masana sun yi shekaru suna tono fadama da ƙirga haruffa domin ayaba ba ta da bakin faɗin tarihinta. Mu muna da dattawa da ransu, muna da takardun ajami a cikin akwatuna a Nima da Sabon Zango da Kumasi, waɗanda gara da ruwan sama ke ci kowace damina. Matasan da Allah ya ba ilmin zamani su zauna gaban tsofaffi su rubuta: wane ne ya fara zuwa, ta wace hanya, wa ya ba shi masauki, wa ya aura. Su tambayi iyayenmu mata na kasuwa sunayen irin agadar da suka sani a da waɗanda yanzu ba sa gani, domin wannan ma tarihi ne, kuma masana na nemansa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci manoma da fatake, Ya tsare mana abincinmu daga annoba, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne Mafi sani.